"Kun Huta" Ba Gaisuwar Mutuwa Ba Ce

Akwai wata magana da mutanenmu kan yi a zaman makoki wadda nake so mu dube ta, 'yan'uwana ɗalibai. In an yi rasuwa akan ce, "Allah ya ji ƙansa, Allah ya ba da haƙuri." Amma in mamacin irin yaran nan ne masu larurar Dawun, waɗanda wasu ke kira 'yan ruwa, sai a ƙara da cewa, "To, ya huta, ku ma kun huta." A ganina wannan ƙari tauye wa mamaci daraja ne, ko da mai faɗi bai nufi sharri ba.

An faɗa wa mahaifiyarmu haka a gidanmu a Agyaragu, ranar sadakar ukun ƙanena, wanda ciwon zuciya ya ɗauke yana da shekara 27. Ba ta ce uffan ba. To, wane hutu? Shi ke kwance awaki da safe, shi ke shimfiɗa tabarmin masallacin unguwa tun ladan bai yi kira ba. Ran kasuwa kuwa ba zai dawo ba sai ya bi masu doya ɗaya ɗaya ya gaishe su da sunansu, harshensa na sarƙewa, su kuma suna amsawa da dariya. Har wata biyu bayan rasuwarsa, in tsohuwa na rabon tuwo sai ta kwashe nasa a akushinsa, sa'an nan ta tuna.

Zancen ɗan ruwa kuwa ba shi da tushe. Wani likitan Ingila, John Langdon Down, ya bayyana kamannin larurar a 1866, sunansa ta ci. A 1959 Jérôme Lejeune da Marthe Gautier da Raymond Turpin a Faris suka gano sanadinta. Cikin ƙwayoyin jikin mutum akwai wasu zarurruka na gado, watau kuromosom, guda 46, biyu biyu. Su waɗannan yara 47 gare su, domin na 21 ya zo uku maimakon biyu. Shi ke nan. Ba aljani, ba laifin uwa. Kusan rabinsu da matsalar zuciya ake haifarsu, wadda sau da yawa aikin likita ke gyarawa in an gano da wuri. Saboda ukun nan da 21 ɗin ne ranar tunawa da su ta zama 21 ga Maris, wata na uku, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta amince da ita a 2011.

Mu masu shirin zama malamai abin ya fi shafa. Wanda aka ce mutuwarsa hutu ce, tun yana raye aka fid da shi daga lissafi, kuma sau da dama a ƙofar makaranta ake farawa. An kai ƙanena wata firamare, aka ce a mai da shi gida, wai zai ɓata wa sauran lokaci. Yayarmu ce ta koya masa rubuta sunansa a ƙasa da tsinke, ya kuwa iya, ko da yake sai da aka shekara ana yi. Tun Janairun 2019 aka sa hannu a dokar ƙasa da ta hana nuna wa masu naƙasa bambanci, har a wajen ilmi. Amma doka tana Abuja, rajista kuwa tana hannun malamin aji ɗaya. In mun fita koyon aiki wata uwa ta riƙo irin wannan yaro ta tsaya a bakin taga tana jin nauyin shigowa, lalle mu fita mu tarye ta, mu tambayi sunansa mu rubuta.