Na Tsugune Ya Ga Gari

Lokacin da muke yara, idan aka raba ƙwallo a filin bayan makarantarmu, doka ɗaya ce: wanda bai iya ba shi ake turawa gola. Ni ake turawa. Shekara shida na yi tsakanin duwatsu biyun da muke kira raga. In an ci mu a zage ni, in mun ci a ɗauki mai lamba tara a kafaɗa. Amma daga inda nake tsaye ina ganin kowa. Na san wanda ya gaji, na san mai laɓewa bayan abokin hamayya don kada a ba shi ƙwallo, na san wanda ba ya gudu sai 'yan kallo sun taru. Wataƙila shi ya sa da na girma na fara bin wasan besbol ta intanet, idona ya ƙi zama kan masu bugu, ya koma kan mutumin nan da ke tsugune a bayansu.

Ga wanda bai taɓa kallo ba, besbol wasa ne da ya yi ƙarfi a Amurka da Japan da Kuba da Koriya ta Kudu. Mutum tara ke tsaron fili. Ɗaya daga cikinsu, mai jifa, yana kan wani ɗan tudu yana wurgo ƙwallo mai tauri kamar dutse daga nisan mita 18 da 'yan kai, wani lokaci da gudun kilomita 150 a awa. Ɗan ƙungiyar hamayya na jira da gora ya make ta. Bayan mai gorar kuma ga mai cafewa a tsugune, fuska cikin ragar ƙarfe, ƙirji da ƙwauri cikin sulke. Abokan wasansa takwas duk shi suke fuskanta, shi kaɗai ke fuskantar fili. Kuma kafin kowane jifa shi ke nuna wa mai jifan da yatsu irin wanda zai yi: mai gudu ko mai lanƙwasa, sama ko ƙasa, kusa da jikin mai gora ko nesa. Yakan yanke wannan shawara fiye da sau ɗari a wasa guda. In ta yi kyau a tafa wa mai jifa, in ta ɓaci a tambayi wanda ya zaɓa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ra'ayina shi ne, duk ƙungiyar da ke neman koci daga cikin tsoffin 'yan wasa, ta fara duba irin wannan mutum kafin ta duba tauraro. Hujjata wani ɗan Japan ne, Katsuya Nomura.

An haifi Nomura a 1935 a wani ƙaramin garin bakin teku a lardin Kyoto. Mahaifinsa ya rasu a ƙasar Sin a zamanin yaƙi tun yana ɗan ƙarami, mahaifiyarsa ga talauci ga ciwo, shi kuma ya tashi yana raba jarida. Babu ƙungiyar da ta neme shi. Shi ya kai kansa gwaji wurin Nankai Hawks ta birnin Osaka, aka ɗauke shi a 1954, galibi don ya riƙa cafe wa masu jifa ƙwallo lokacin atisaye. Irin waɗannan yara "bango" ake ce musu, wato abin da ake jifa. A shekararsa ta farko sau 11 ya riƙe gora a gasa, bai yi bugu mai amfani ko ɗaya ba, har aka yi niyyar sallamarsa sai da ya roƙa.

Abin da ya fid da shi kallo ne. Ya lura mai lanƙwasa jifa na wahalar da shi, sai ya fara rubuta abin da kowane mai jifa ke yi a kowane hali. Akwai wani gwarzo, Kazuhisa Inao, da ya hana shi sakat. Nomura ya sa aka ɗauko masa shi a fim, ya yi ta maimaita kallo har ya gano yadda riƙon ƙwallonsa ke tona irin jifan da ke tafe. A 1965 ya haɗa kambi uku na masu bugu a kaka ɗaya, abin da ba wanda ya yi a Japan tun bayan yaƙin duniya na biyu. Kafin ya ajiye gora a 1980, yana da shekara 45, ya buga wasa 3,017, kuma sau 657 ya maka ƙwallo ta tsallake katangar fili. Sadaharu Oh kaɗai ya fi shi a tarihin gasar ƙasar, da 868.

Duk da haka jaridu ba su cika kula shi ba, don Oh da Shigeo Nagashima suna Yomiuri Giants ta Tokyo, wadda ake nunawa a talabijin, shi kuma yana wasa gaban kujeru da yawa babu kowa. Da ya cika bugu na 600 a 1975, ya kwatanta su biyun da furen da ke bin rana, kansa kuma da furen da ke buɗewa da dare ba mai gani. Akwai ɗaci a maganar, kuma wannan ɗacin ne nake ganin ya zame masa jari. Wanda aka taɓa rainawa ya san yadda rainanne ke ji, ya san kuma abin da ke ɓoye a jikinsa.

Tun 1970 Nankai ta ba shi koci alhali yana ci gaba da tsugunawa a bayan masu gora, kuma a 1973 suka ci gasar rukuninsu. A lokacin akwai wani Yutaka Fukumoto mai gudun tsiya, wanda a 1972 ya saci zango sau 106, wato ya ruga daga wannan zango zuwa na gaba kafin a ankara. Kowa na ɗora laifin kan hannun mai cafewa. Nomura da yake shi ke tsugune ya ga inda lokacin ke tafiya: masu jifa ne ke jinkirin ɗaga ƙafa. Ya sa suka gajarta motsinsu, yau kuma haka ake koyar da yara a Japan. Haka ya karɓi Yutaka Enatsu, tsohon tauraron da hannunsa ya daina jure dogon wasa, ya lallashe shi a 1977 ya koma mai shigowa ƙarshen wasa ya rufe. Enatsu ya sake yin suna a wannan sabon aiki.

Bayan shekara tara yana sharhi a talabijin, inda ya riƙa raba wurin da jifa ke bi gida tara yana faɗa wa masu kallo inda na gaba zai faɗa, Yakult Swallows ta kira shi a 1990. Rabon ƙungiyar da cin gasa tun 1978. A sansanin atisaye, da dare, sai ya tara manyan 'yan wasa kamar ɗalibai, ga allo ga littafin rubutu a hannun kowa. Ya ɗauki wani matashi mai tabarau, Atsuya Furuta, wanda ƙungiyoyi suka tsallake a baya, ya zaunar da shi kusa da shi a benci yana titsiye shi: me ya sa ka zaɓi wannan jifa? Amsar da ya fi ƙi ita ce a ce masa haka kawai. Yakult ta ci rukuninta a 1992, 1993, 1995 da 1997, ta ɗauki kofin ƙasa baki ɗaya a uku na ƙarshen. A wasan buɗe kakar 1997, Takehiko Kobayakawa, wanda Hiroshima ta sallama, ya tsallakar da ƙwallo katanga sau uku a jere a kan babban mai jifan Giants, Masaki Saito. 'Yan jarida suka riƙa kiran gidan Nomura masana'antar gyaran 'yan wasa.

Wani zai ce na zaɓi mutum ɗaya ne na gina ra'ayi a kansa. To a leƙa Amurka. Joe Torre, da ya fara a mai cafewa, ya ci kofin duniya na besbol sau huɗu da New York Yankees tsakanin 1996 da 2000. Mike Scioscia, shi ma tsohon mai cafewa, ya ci da Angels a 2002. Bruce Bochy kuwa, wanda yawancin rayuwarsa ta wasa a benci ya yi ta yana jiran mai cafewa na farko ya gaji, ya ci uku da San Francisco Giants a 2010, 2012 da 2014, ya ƙara na huɗu da Texas Rangers a 2023. Mu ma a ƙwallon ƙafa mun ga marigayi Stephen Keshi, ɗan baya da ya saba ganin fili duka a gabansa, ya ci kofin Afirka yana ɗan wasa a 1994, ya sake ci yana koci a 2013.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, tsugune ba laya ba ne. Oh da Nagashima, taurarin da Nomura ke jin haushi, su ma sun ci kofuna suna koci. Shi kansa da ya koma Hanshin Tigers a 1999, shekara uku a jere ƙungiyar na ƙarewa a ƙarshen teburi, ya bar aikin a 2001 cikin rigimar haraji da ta shafi iyalinsa. Mutum ne mai mita da gori, wasu 'yan wasa ba su iya zama da shi ba. Ilimin koci ba ya buga ƙwallo in babu masu bugawa. Na yarda da wannan duka.

Akwai kuma masu cewa zamani ya wuce idon mai cafewa, tunda yanzu kwamfuta na ƙirga kowane jifa, har a Amurka tun 2022 ana aika umarnin jifa ta wata 'yar na'ura maimakon yatsu. Amma ai Nomura ya cika littattafai da lissafi tun ba kwamfutar, kuma bai taɓa tsayawa a nan ba. Yakan yi wa mai gora raɗa daga baya, ya tambaye shi labarin inda ya kwana jiya, don ya ga ko hankalinsa zai rabu. Lissafi zai gaya maka jifan da ya dace. Ko yaron da ke kan tudu yana da zuciyar yin sa a wannan daƙiƙa, wannan sai wanda ya daɗe yana kallon fuskokin masu jifa daga mita 18.

Yana da shekara 70 ya karɓi Rakuten Eagles ta Sendai a 2006, ƙungiya sabuwa fil da kowa ke lallasawa. Tsugune ba ta ƙare ba. Ya jefa wani yaro ɗan shekara 18, Masahiro Tanaka, cikin gasa a 2007, ya kai ƙungiyar matsayi na biyu a 2009, sannan aka ƙi sabunta masa kwantiragi. Shekara huɗu bayan haka Rakuten ta ɗauki kofi ƙarƙashin Senichi Hoshino, Tanaka kuma ya ci wasa 24 ba a doke shi ba. Hoshinon nan dai shi ne ya ci rukuni da Hanshin a 2003, shekara biyu bayan tafiyar Nomura. Hoshino ya yi aikinsa, ya kawo nasa mutanen, amma ya tarar da gona an yi mata sharar fari.

Nomura ya rasu ranar 11 ga Fabrairu, 2020. A shekarar da ta biyo, almajirinsa Atsunori Inaba ya jagoranci Japan ta ci zinare a gasar Olamfik ta Tokyo, wani almajirin nasa, Shingo Takatsu, ya ɗaga kofin ƙasa da Yakult. Lissafinsa na koci kuwa, ya ci wasa 1,565, an ci shi 1,563. Tazarar biyu kacal, saboda kusan duk ƙungiyar da aka miƙa masa a ƙasa ya same ta. Masu ƙungiyoyi da ke ba da aiki don suna da hoton jarida, in sun ga wannan lissafi za su wuce shi. Ni da na taɓa tsayuwa tsakanin duwatsu biyu, shi zan ɗauka.