Hudar harshe da leɓe: a hannun wa 'ya'yanmu suke?

Duk mai zuwa biki a wuraren taro na GRA a 'yan shekarun nan ya san kwalliyar 'yan mata ta sauya. Kunne ya tashi daga huda ɗaya zuwa uku ko huɗu, barima a hanci ta zama ruwan dare, yanzu kuma abin ya gangaro baki: ɗan ƙarfe a leɓen ƙasa, ko a tsakiyar harshe, wanda ba ka ganinsa sai yarinya ta yi dariya. Masu yin ba su da yawa, amma akwai su, kuma 'ya'yan gidajenmu ne. Sun gani a TikTok da Instagram, sun gani a bakin mawaƙan Legas da na Amurka, suka ce su ma sai sun yi.

Ni ba na goyon bayan hudar harshe ko leɓe, kuma da 'yata za ta nemi shawarata, zan ce mata a'a. Malamanmu sun halatta wa mata hudar kunne tun tale-tale, abin da ya wuce nan kuwa a tambaye su, su ne masu fatawa. Dalilina ni na lafiyar jiki ne. Harshe tsoka ce mai cike da jini. Ki tsaya gaban madubi ki ɗaga naki, za ki ga jijiyoyi biyu shuɗɗa kwance a ƙarƙashinsa, dama da hagu. Allura ta kauce kaɗan ta sami ɗaya, jinin da zai zuba ba na auduga ba ne. Ko an dace an huda daidai, harshe kan kumbura na kwanaki, ci da magana su gagara, kuma raunin yana zaune ne cikin yawu da guntun abinci har makonni huɗu zuwa shida kafin ya warke. Na leɓe ya fi haka daɗewa. Bayan warkewar ma da sauran rina a kaba, domin ƙarfen yana bugun haƙora dare da rana har ya ɓantare su, na leɓe kuma yana gogar dasashi har ya janye ya bar saiwar haƙori a waje, kuma dasashin da ya janye ba ya dawowa da kansa. Saboda irin wannan ne ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka, ƙasar da ake kwaikwayo, ta daɗe tana gargaɗi a kan hudar baki. Yankin Wales na Birtaniya kuwa tun 2018 ya haramta huda harshen duk wanda bai kai shekara 18 ba, ko da iyayensa sun yarda.

Sai dai a'ar da zan faɗa, da wadda iyaye ke faɗa, ba ta hana yarinyar da ta riga ta ƙulla niyya. Abin da take jawowa shi ne a yi a ɓoye, kuma ɓoyon nan ya fi hudar kanta tayar mini da hankali. Yarinyar da ke tsoron kada Hajiya ta gani ba za ta tsaya tambayar ina aka dafa allura ba. Za ta nemi wadda za ta yi mata da sauri, a ɗakin ƙawa, ko a bayan labulen wani shagon kitso da lalle, ko ta kira mai zuwa har gida wadda ta samu lambarta a intanet. In wurin ya ruɓe, haka za ta ci gaba da rufe baki da gyale tana haɗiyar maganin kemis har sai abin ya fi ƙarfinta.

Ga kuma wani ruɗi da mu mazauna GRA muka fi kowa faɗawa cikinsa: muna auna tsafta da kyan wuri. In shago yana da tayil da na'urar sanyaya ɗaki da turare, ma'aikaciya ta sa farin safar hannu, kuɗin kuma ya yi tsada, sai hankalinmu ya kwanta. Ƙwayar ciwon hanta ba ruwanta da tayil. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jikin mutum na aƙalla kwana 7, wato ɗigon jinin da ya bushe a jikin ƙarfe tun makon jiya yana iya harbin wadda ta zauna yau. Babban binciken da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, kusan mutum 1 cikin 12 ke nan, kuma akasarinsu ba su ma sani ba. A lissafa mutum nawa ke zama a kujerar shago guda daga Litinin zuwa Asabar.

Na tsaya na kalli yadda ake huda kunne da 'yar bindigar nan a wani shagon kayan kwalliya. Ta roba ce, ana ɗora mata barima, a ɗana, a harba. Da aka gama da yarinya ta farko, sai mai shagon ta jiƙa auduga da sifirit ta shafe bakin bindigar, ta kira ta biyu. Ba mugunta take yi ba, iyakar abin da aka koya mata ke nan. Amma shafa sifirit ba ya kashe duk abin da ya maƙale a lungunan bindiga, roba kuma ba ta jure zafin da ake buƙata. Banda haka, barimar ba kaifi gare ta ba, fasa nama take yi da ƙarfin tsiya. Wannan a fatar kunne ke nan. Duk wanda ya nufo leɓe ko harshe ko guringuntsi da bindigar nan, a tashi a bar masa shagonsa.

Wadda ta nace sai ta yi, to, ga abin da nake roƙonta da shi, kuma shi nake roƙon duk uwar da za ta kai jaririya hudar kunne. Ki ce a nuna miki allurar a cikin ledarta, a yage a gabanki, a jefa ta a kwandon allurai in an gama. Ki tambayi da me ake tsabtace almakashi da matsin da ake riƙe harshe da shi. Amsar da za ki karɓa ɗaya ce: tukunyar turara kayan aiki irin ta asibiti, wadda ke kai zafi digiri 121 a matse na aƙalla minti 15. Tafasasshen ruwa a digiri 100 yake tsayawa. Kayan da suka fito daga tukunyar suna zuwa ne a rufe cikin jaka mai ɗan layi da ke sauya launi in zafin ya kai, ki ce a nuna miki layin. Ki tambayi ƙarfen da za a saka miki, domin 'yan kunnen kasuwa masu araha sukan ƙunshi ƙarfen nikel da ke sa ƙaiƙayi da ruwa, ga sabon rauni kuwa taitaniyom ko zinare mai kyau ake so. Wanda ya san aikinsa zai duba ƙarƙashin harshenki kafin ya taɓa allura, zai tambaye ki ko kina da ciwon suga ko na zuciya ko jininki na wuyar tsayawa, zai tambayi ko tabo kan yi miki tsiro, kuma wani lokaci zai ce ba zai yi miki ba. Wanda ya ɓata rai don kin yi tambaya, ya riga ya ba ki amsa. Kafin duk wannan, ki tabbata kin yi rigakafin ciwon hanta. An sa shi cikin alluran jarirai a ƙasar nan tun 2004, wanda bai samu ba kuma yana iya yin gwaji ya karɓi allura uku a asibiti.

Kada mu ɗora wa 'yan zamani laifin duka. Mu ma mun gaji askar wanzami ɗaya tana zagaya gida goma ranar suna, daga aski zuwa cire beli zuwa ƙaho, da allura da zare na hudar kunnen jarirai da tsohuwar unguwa ke ajiye a gefen ɗankwali. Wanzamai da yawa sun waye, suna sa iyaye su sayo sabuwar reza, kuma sun cancanci yabo. Abin da ya rage shi ne hukuma. Gwamnati tana da duba-gari da ke leƙa gidajen abinci da mahauta. Me zai hana su riƙa leƙa duk inda ake fasa fatar mutum don kuɗi, a yi rajista, a koyar, a manna takardar shaida a bango inda kowa zai gani? A zauna da Sarkin Aska da ƙungiyoyin masu gyaran jiki, a sa ƙa'ida ɗaya daga GRA har unguwannin Jekadafari da Pantami da Tumfure, a kuma sa shekarun da ba a huda bakin yaro ƙasa da su.

Iyaye kuma, in kuka wayi gari kuka ga ƙarfe a bakin 'yarku, faɗan ya jira. Ku fara duba wurin. In akwai mugunya, ko zazzaɓi, ko kumburin ya sauko ƙarƙashin haɓa, ko tana wahalar haɗiya da numfashi, kada a fizge ƙarfen a gida, kada a tsaya gasa wurin da ruwan zafi. Irin wannan kumburi yana iya toshe maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i. A sa ta a mota a nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na jiha a daren, a kuma gaya wa likita gaskiyar ranar da aka yi hudar da abin da aka yi ta da shi.