'Ya'ya Ba Kayan Lefe Ba Ne

Ya ku 'yan'uwanmu mazauna Kurmi, na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun, yau da ku nake, musamman mutanen Bauchin Yakubu.

Mutum ya bar matarsa a Jahun ko Nassarawa da yara uku, ya tafi Ikko neman kuɗi. Shekara ta zagayo, sai ga takardar saki a hannun direban mota. Matar ta gama idda a gidan ubanta, tana tuyar ƙosai tana ciyar da yara. Daga Ikko kuwa babu mudun dawa, babu rigar Salla. Amma ran da labari ya kai masa cewa wani ya fito neman aurenta, ran nan gogan naka zai tuna shi uba ne. Sai ya aiko ƙanensa a kwashe yara, a zube su gaban tsohuwarsa wadda ita ma riƙo take nema, ko gaban amaryar da ba ta ko san sunayensu ba. Wannan kishi ne tsagwaronsa, kada wanda ya fake da addini.

Mu mabiya Malikiyya ne, Risala kuwa tana nan a kowane zauren karatu. Riƙon ɗa namiji na uwa ne har ya balaga, na mace har ta yi aure ta tare. Maganar wai da an yaye yaro ya zama na uba, al'ada ce kawai. In uwa ta auri wani bare ta tare, gaskiya ne haƙƙinta ya faɗi, amma wurin wa ya koma? Wurin mahaifiyarta, sannan 'yar'uwarta. Dangin uba suna can baya a layi. Abin da ke kan uba ko yaushe shi ne ci da sha da sutura, wato daidai abin da gogan ya manta.

Na san za a ce ai mijin uwa ba ya riƙe agola da amana. Akwai irinsu, ba na musu. To kishiyar uwa fa, wa ya ba ta shaidar tausayi? Wanda ke da hujjar ana cutar ɗansa, ya hau mota ya zo Bauchi da ƙafarsa, ya tsaya gaban alƙali. Sai dai ya taho da shiri, domin uwar yara za ta tambaye shi a gaban jama'a watan da ya aiko da kuɗin hatsi na ƙarshe.