Batun Ƙarancin Likitoci A Ƙasar Birnin Kudu Da Gwaram

Makon nan ina so mu duba wata magana wadda kullum ake zagaye ta, watau maganar likita. In mutane suka yi kuka a kan sha'anin lafiya, galibi gini suke roƙo: a yi mana asibiti, a ƙara mana ɗaki. Gini kuwa magina kan tashe shi cikin rani guda. Wanda zai zauna a ciki ya duba marasa lafiya, shi ne ba a samu a kasuwa.

Ga lissafi. A ƙidayar 2006 an sami mutum wajen 313,000 a ƙaramar hukumar Birnin Kudu, da wajen 272,000 a ta Gwaram. Jariran da aka haifa shekarar nan sun riga sun zama samari da 'yan mata, waɗansunsu har da goyo. Shi kuwa yaron da ya shiga makarantar likita sai ya yi shekara 6 yana karatu, sa'an nan shekara guda yana aiki ƙarƙashin manyan likitoci, sa'an nan shekara guda ta bautar ƙasa. Shekara 8 ke nan, in malamai ba su yi yajin aiki ba. Ashe likitan da za a nema a Basirka ko Sara nan da shekara goma, yanzu yana aji yana fama da lissafi, ko kuwa ba ya ko'ina.

Mu mutanen Arewa da ma a makare muka shiga wannan fage. An buɗe makarantar likita ta Yaba a Ikko cikin 1930, ta Badun cikin 1948, mu kuwa sai 1967 aka fara koyar da likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Likitanmu na farko, Dokta Barau Dikko na Wusasa, sai da ya ƙetare teku zuwa Ingila. Abin da ya fara ɗaga mu a wannan yanki shi ne makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda Jihar Kano ta kafa cikin 1977, muna cikinta tukuna, gama Jigawa sai 1991 aka yanke ta. Aka tsamo yara masu ƙwaƙwalwa da jarrabawa, aka ba su malamai da kayan gwaji. Tambayi manyan likitocin Kano da Jigawa inda suka yi sakandare, ka ji sau nawa za a ambaci Dawaki.

To, yanzu fa? Ba kowace jami'a ke ɗaukan ɗalibai yadda ta ga dama ba. Akwai majalisar da ke kula da aikin likita a Nijeriya, ita ke yanka wa kowace makaranta adadinta, gwargwadon malamanta da gadajen asibitin da za a koya a ciki. Wannan daidai ne, don ba a koyon tiyata da ji. Gwamnatin Tarayya ta sanar da ninka guraben daga 5,000 zuwa 10,000, abin a yaba. Amma a cikin 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitocin da ke ƙasar wajen 55,000 ne, kuma wajen 16,000 sun fita cikin shekara biyar, zuwa Ingila da Amurka da Saudiyya da sauransu. Cikin masu fitan nan akwai ƙwararru, su ne kuwa malaman. Ka ninka almajirai alhali malamai na raguwa, ɗiban ruwa da kwando ke nan.

Gwamnatin Jigawa ta nemi wata hanya, ta aika yara 60 ƙasar Sin cikin 2016 su koyo likitanci. Ba na kushe wannan, gama mai jin ƙishirwa ba ya zaɓen rijiya. Sai dai kuɗinsa da nauyi, kuma in sun komo sai sun ci jarrabawar majalisar nan kafin a ba su izinin taɓa majiyyaci. Yaƙin Sudan na 2023, wanda ya koro ɗalibanmu ana tsakiyar karatu, ya nuna mana hatsarin ajiye hatsi a rumbun wani.

Alhali muna da namu rumbun. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa cikin 2011, tana da sashen koyon likita. Ga babban asibitin Birnin Kudu, wanda ya koma hannun Gwamnatin Tarayya cikin 2000, inda marasa lafiya ke zuwa har daga ƙasar Bauchi da Kano. Ga makarantar koyon jinya a garin. Ɗalibin da ya kwana a ɗakin haihuwa na Birnin Kudu cikin damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara, ya ga abin da ba littafin da zai nuna masa. Kuma wanda ya koyi aiki cikin mutanensa ya fi wuyar gudu.

Saboda haka roƙona ga hukuma uku ne. A riƙa kawo ɗaliban Dutse Birnin Kudu da Gwaram su yi watanni, ba ziyarar yini ba. A ɗauki nauyin yaran wannan yanki, musamman 'yan mata, gama mata da yawa sun gwammace su daure da ciwo da su bayyana wa namiji, a kuma rubuta sharaɗi cewa za su yi aiki a gida gwargwadon shekarun da aka ɗauke su. Sa'an nan wanda aka tura ƙauye a ba shi gida mai ruwa da wuta, da albashin da ya ɗara na birni.

Ku kuma malaman makaranta, ku rubuto mana: yara nawa kuka tura makarantar kimiyya bara, kuma me ya hana sauran? Za mu buga amsoshinku a wannan shafi, in Allah ya so.