JINGINAR FILI: WA ZA A FARA BIYA?

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma ran da dukiyar wanda ake bi ta kasa, masu binsa suka taru gaban alƙali, magana ɗaya ce: wa za a fara biya?

A mazhabar Malikiyya, wanda ya karɓi jingina ya riƙe ta a hannu shi ake fara biya daga kuɗinta. Dokar ƙasa kuwa takarda ta ke dubawa. In aka jinginar da fili ɗaya ga mutum biyu, galibi wanda ya riga yin rajista a ofishin filaye shi ke gaba.

To, amma rajista kaɗai ba ta isa ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta bi sawun dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962, ta hana jinginar da filin birni sai da yardar Gwamna. Cikin 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina don ba a nemi wannan yarda ba. Bashin yana nan, amma filin ya kuɓuce wa bankin.

Akwai kuma dokar tsarin gari. Takardar shaidar fili ta kan faɗi abin da aka ba da shi dominsa, watau gidan zama, ko kanti, ko masana'anta. Wanda ya ci bashi ya kafa gidan mai a filin gidan zama ba da izini ba, hukuma tana iya rushe ginin, Gwamna kuma yana iya soke takardar. In an soke ta, na gaba da na baya duk sun tashi a tutar babu.

Saboda haka mai ba da rance ya binciki abu uku kafin ya ƙirga kuɗi: wa ya riga shi rajista, ko Gwamna ya yarda, da kuma abin da aka halatta a filin. Akawu ya rubuta kowace takarda ran da ta iso, kada ya tsallakar da ta wani don sanayya, gama kwana ɗaya yana iya raba mutum da haƙƙinsa. Malamai su wayar da kan jama'a. Gwamnati kuma lalle ta rage jinkirin ba da yarda, domin jinkiri shi ke tura mutane su yi jingina a ɓoye.

In kunne ya ji, jiki ya tsira.