Kuɗin Wa Ake Raba Mana Lokacin Zaɓe?

A wannan wata zan taɓo wata magana da wasunku za su ce ai ta maza ce, wato kuɗin da ake zubarwa a harkar zaɓe. Ni kuwa ina ganin tamu ce, domin duk wadda ta taɓa zuwa rumfar zaɓe a cikin garin Wudil, ko Darki, ko Lajawa, ko Utai, ta ga irin tsawon layin mata, da goyo da tsohon ciki, tun hantsi har rana ta take. Kuma mu ake bi gida-gida da taliya da sabulu da turmin atamfa.

Uwargida, bari in tambaye ki. Yaro ya fito neman 'yarki, kin san sana'arsa, kin san abin da yake samu a wata bai wuce na cefane ba, sai ga lefe akwati goma sha biyu har da mukullin mota. Guɗa za ki fara yi, ko kuwa za ki ja maigida gefe ki ce a bincika? Kowace uwa ta san amsa. Ko dai bashi ya ciwo, wanda 'yarki ce za ta biya shi da yunwa bayan biki, ko kuma akwai wani a bayansa da ba a nuna muku ba. To, wannan binciken da muka iya a kan aure shi ne ba mu yi a kan ɗan takara.

Ga ɗan lissafi. A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin neman takarar shugaban ƙasa a kan naira miliyan 100, PDP ta sayar da nata miliyan 40. Mai neman kujerar majalisar wakilai ta tarayya a APC, irin kujerar nan tamu ta Wudil da Garko, sai da ya ajiye miliyan 10. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira dubu 30 ne, wato ƙaramin ma'aikaci zai yi kusan shekara 28 yana tara albashinsa, bai ci ba bai sha ba, kafin ya sayi takardar kawai. Ba a zo kan daliget ba, waɗanda jaridu suka yi ta ba da labarin yadda aka riƙa bin su da daloli a zaɓen fid da gwani na wannan shekarar. Ba a zo kan fasta da motoci da mawaƙa da sojojin baka na gidajen rediyo ba, balle ejan-ejan na kowace rumfa.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta ce ɗan takarar shugaban ƙasa kada ya kashe fiye da biliyan 5, na gwamna biliyan 1, sanata miliyan 100, ɗan majalisar wakilai miliyan 70. Ta ce mutum ɗaya kada ya ba ɗan takara gudummawar da ta haura miliyan 50, ta hana jam'iyya karɓar kuɗin da ba a san mai shi ba, ta kuma wajabta mata miƙa wa hukumar zaɓe ta INEC lissafin abin da ta kashe cikin wata shida bayan zaɓe. A takarda ke nan.

A aikace kuwa, a watan Disamba na 2014 an yi wata liyafa a fadar shugaban ƙasa a Abuja, aka tara wa tafiyar Goodluck Jonathan da PDP sama da naira biliyan 21 a dare ɗaya, alhali dokar wancan lokaci biliyan 1 ta yarda ɗan takarar shugaban ƙasa ya kashe. Da aka yi ca, sai aka ce ai kuɗin na jam'iyya ne, ba na ɗan takara ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka sanar da wasu manyan kuɗaɗen: an ce daga abokai na ɓangaren wutar lantarki, daga abokai na ɓangaren man fetur. Abokan nan ba su da suna? Kuma don kada ki ce ina kallon jam'iyya ɗaya, a watan Mayu na 2022 wata ƙungiya da ta ce ta makiyaya ce da almajirai ta kai miliyan 100 ta yanki fom ɗin APC da sunan shi Jonathan ɗin, ofishinsa ya fito ya ce ba da izininsa ba. Almajirai, 'yar uwa! Waɗannan da muke zuba wa ɗumame a ƙoƙo da safe.

Kada ki ɗauka mu kaɗai ne. A Amurka ma, tun da kotun ƙolinsu ta yanke wani hukunci a 2010, kamfanoni da ƙungiyoyi suka samu damar zuba kuɗi ba iyaka wajen tallata ɗan takara, wasu ta hanyar da ba a bayyana mai bayarwa. A zaɓensu na 2024 attajiri ɗaya, Elon Musk, ya kashe fiye da dala miliyan 250. Sai dai su can talla ake saye da kuɗin, mu nan har ƙofar ɗaki ake kawo mana.

Mu mutanen Wudil bai kamata wannan ya rikita mu ba, don muna ganin irinsa kowace Juma'a a kara. Wanda yake riƙe da igiyar sa, yake ta ciniki yana rantse-rantse, sau da yawa ba shi ne mai san ba, ba kuma shi ne mai kuɗin ba. Mai kuɗin yana can a zaune a inuwa, ko ma yana Legas yana jiran tirela. Ɗan takarar da ya zo ƙofar gidanki yana gaishe ki da ladabi, yawanci shi ne mai riƙe da igiya. Attajirin da ya zuba masa miliyoyi kuwa ɗan kasuwa ne, jari ya sa, kuma Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Wadda take son ganin yadda askin yake, ta tuna abin da ya faru a jihar Anambra. A 2003 wani mai kuɗi, Chris Uba, ya tsaya wa Chris Ngige har ya zama gwamna. Ba a yi wata biyu da rantsar da shi ba suka ɓata, a watan Yuli 'yan sanda suka ɗauke gwamna sukutum daga ofishinsa, aka fito da takarda aka ce ya yi murabus. Gwamna guda ke nan. Wannan ya fito fili ne don sun yi faɗa. Inda ba a yi faɗa ba, a hankali ake biya: a ba ubangida kwangilar hanya, ya yi rabi ya tafi, ba mai iya ce masa uffan, a ba shi kwangilar magani, ki je awo a rubuta miki takarda ki saya a kemis, a ba ƙaninsa gyaran firamare, a shafa fenti a bar rufi yana yoyo. Turmin atamfar da kika karɓa, kin biya shi tun a haihuwar farko bayan zaɓe, har da riba.

An yi zaton canjin kuɗi zai kashe wannan ciniki. A ƙarshen 2022 Babban Banki ya sauya fasalin dubu ɗaya da ɗari biyar da ɗari biyu, aka shiga zaɓen Fabrairu da Maris na 2023 takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Mun sha wuya, wadda take sayar da ƙosai ta rasa canji, mai naƙuda ta rasa na mota. Masu rabon kuwa sai suka koma kaya, katan-katan na taliya da shinkafa da zannuwa, wasu kuma suka riƙa karɓar lambar asusu. Ai kin ga wanda ya iya cika sito da kaya a irin wannan lokaci ba ƙaramin mutum ne a bayansa ba.

Yanzu bari in shigo gidanmu, mu malaman Islamiyya, don ba zan yi wa wasu wa'azi in tsallake kaina da abokan aikina ba. Kuɗin nan ba kullum yake zuwa da fasta ba. Yakan zo a ambulan ranar saukar Alƙur'ani, ko a ce wani bawan Allah da ba ya so a ambaci sunansa ya ɗauki nauyin tabarmi da allo da rufin aji biyu. Ɓoye sadaka abu ne mai kyau, addini ya yabe shi. Amma sadakar da ba ta tashi zuwa sai saura wata uku zaɓe, wadda kuma bayan sati biyu za a aiko a ce malama ta ɗan yi wa ɗalibanta matan aure bayani, wannan sunanta daban. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wani sahabi, Ibnul Lutbiyya, da aka aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani kaso ya ce shi kyauta aka ba shi. Manzon Allah (SAW) ya hau mumbari ya yi faɗa a kai, ya nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna, da kyautar ba ta same shi ba. Malamar da take da mata ɗari biyu a gabanta ta auna kanta da wannan ma'auni: da ba ta da su, da ambulan ɗin ya san hanyar gidanta?

Na san akwai wadda za ta ce, Malama, ke kina da albashi, ni yarana jiya da gaya suka kwana. Wallahi ban raina wannan magana ba, kuma ba zan ɗora wa mai yunwa laifin da ya fi na wanda ya jawo yunwar ba. Akwai kuma masu cewa ki karɓa, ai kuɗinki ne aka sata, ki shiga ki zaɓi ra'ayinki. Ni dai hankalina bai kwanta da wannan ba, domin duk lokacin da muka karɓa muna ƙara wa kujerar tsada ne, mutumin kirki marar ubangida ya ƙara nisa da ita. Ga shi dokar 2022 ɗin ta haɗa mai bayarwa da mai karɓa, tarar da za ta iya kai naira dubu 500 ko ɗaurin wata 12. Abin da nake roƙonki da babbar murya shi ne kada ki yarda a ɗora miki Alƙur'ani ki rantse a kan taliya, kuma kada ki ba kowa katin zaɓenki ko lambar da ke jikinsa wai za a sa ki a tallafi.

Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a babban zaɓe ba sai 1979, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha duka da ɗauri a kan haka. Tambayi kakar yaranki zamanin NEPU da PRP ta Malam Aminu Kano, za ta ba ki labarin yadda talaka yake sayen katin jam'iyya da kuɗin guminsa, mata suna dafa abincin taro daga rumbunsu. Wanda aka zaɓa a haka ya san ƙofar da zai je ya yi godiya.

Saboda haka idan an kira ƙungiyarku ta adashi ko ta unguwa gidan ɗan takara, ku zaɓi dattijuwa ɗaya mai baki, bayan an gaisa ta tambaye shi cikin ladabi: Alhaji, mene ne sana'arka kafin siyasa, kuma su wa suka taimaka maka da kuɗin fom? Ku lura da fuskarsa, ku lura da wanda zai yi saurin amsawa a madadinsa. In kun dawo gida ku faɗa wa mazajenku abin da kuka ji, su ma su bincika a majalisarsu, don a garin nan babu wanda ba a san kakansa ba.