Ganganci wajen tsallaka titi ba tawakkali ba ne

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk sa'ad da mota ta buge mai tafiya a ƙasa, abin da ake ji a zaman makoki shi ne "kwana ya ƙare". Gaskiya ne, babu ran da zai wuce ajalinsa. Sai dai imani da ƙaddara bai taɓa sauke wa bawa alhakin sakacinsa ba. Aya ta 195 a Suratul Baƙara ta hana mu jefa kanmu cikin halaka, kuma kare rai yana cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin kiyaye su.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke rasuwa a haɗarin hanya duk shekara, kimanin kashi ɗaya cikin biyar ɗinsu masu tafiya a ƙasa ne. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda. Kafin direba ya hango ka, ya taka birki, ya riga ya iso inda kake. Amma duk da haka, a hanyar Abuja zuwa Keffi, wajen Nyanya da Mararaba, za ka ga mutane sun bar gadar da aka gina musu suna ratsa titi a guje.

Malamai ba su yi shiru a kan wannan ba. A zamanta na ƙasar Burunai a 1993, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa ta yanke cewa bin dokokin hanya wajibi ne, domin yana cikin biyayya ga shugabanni a abin da bai saɓa wa shari'a ba. Ta kuma bayyana cewa ana iya sauke wa direba lamuni idan aikin wanda aka buge ne ya jawo haɗarin. Ke nan mai ƙafa ma yana da nasa hisabin.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne wanda ke faruwa a ƙofar masallatanmu. Da an tayar da iƙamar magariba, duhu ya fara sauka, sai mutum ya faɗa titi ba duba hagu ba duba dama, wai kada raka'a ta wuce shi. Alhali hadisin Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, da ke cikin Buhari da Muslim ya umarci mai zuwa salla ya taho da natsuwa, ya sallaci abin da ya riska, ya cika abin da ya kuɓuce masa. Raka'a ana rama ta, rai fa?

Saboda haka, ya ɗan'uwa, ka tsaya a bakin titi, ka cire waya daga kunne. Da yake motocinmu ɓangaren dama suke bi, hagu za ka fara dubawa, sannan dama, ka sake duba hagu, kana lura da babur ko adaidaita-sahu mai saɓa hannu. Kada ka ɓullo daga bayan motar da ta tsaya. Inda akwai gada, ka hau ta.

Iyaye su sani cewa ƙaramin yaro ba ya iya auna gudun mota. Barinsa ya tsallaka babban titi zuwa Islamiyya shi kaɗai tozarta amana ne. Kwamitocin masallatai su sa 'yan agaji su riƙa tsallakar da yara da tsofaffi, musamman ranar Juma'a. Direba kuwa ya tuna aya ta 92 a Suratun Nisa'i: kisan kuskure ma yana da diyya da kaffara.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu a kan hanya, Ya sa mu cika da imani. Amin.